Muhawara: Wa ke riƙe da linzamin RNA a cikin ƙwayar cutar sammore?

Hadiza: Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. An ba ni seminar a kan yadda yubikwitin ke sarrafa enzayim ɗin da ke gyara RNA a cikin Trypanosoma brucei, ƙwayar da ke jawo ciwon barci a mutane da sammore a dabbobi, kuma kwana uku ke nan kaina ya ƙulle. Abin da aka koya mana a aji shi ne yubikwitin alama ce ta halaka: a maƙala wa furotin, furotiyasom, wato injin niƙa furotin na cikin tantani, ya niƙe shi. To ina ruwan wannan da RNA? Don Allah wanda ya gane ya warware min.

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Hadiza. Kin zo da tambaya mai kyau, amma ta wutsiya kika kamo ta. Ajiye yubikwitin tukuna, ki fara da yadda wannan ƙwaya ke karanta DNA ɗinta.

A jikin mutum kusan kowane jin, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, yana da makunninsa. Tantani na buƙatar furotin kaza, sai ya kunna jin ɗin. Ya ƙoshi, sai ya kashe. Trypanosoma ba haka take ba. Tana da jin wajen 9,000, an jera su layi-layi, kuma enzayim mai kwafa yana bi ta kan gommai ko sama da ɗari a tafiya ɗaya, ya fitar da doguwar RNA guda. Ki ɗauka kamar bandir ɗin yadi ne da ba a yanka ba. Daga baya ake yanka shi ƙyalle-ƙyalle. Kowane ƙyalle a ɗinka masa wani ɗan guntu mai harufa 39 a goshinsa, wanda ake kira SL, mai ɗauke da hula ta musamman, sannan a sa masa wutsiyar A masu yawa a ƙarshe. Tunda kwafar ta bai ɗaya ce, ƙwayar ba ta da damar cewa wannan jin a kwafe shi da yawa, wancan kaɗan. Duk hukuncin ya koma bayan kwafa: wace RNA za a yanka da kyau, wacce za ta daɗe, wacce za a fassara zuwa furotin. Masu yanke wannan hukunci furotin ne. To su kuma wa ke ƙayyade yawansu da tsawon ransu? Nan yubikwitin ya shigo.

Hadiza: Allah ya saka da alheri Dakta. Wato mai gadin masu gadi ke nan.

Malam Usman: Ni likitan dabbobi ne, ba ɗan leburatare ba, amma bari in gwada ko na fahimta. A kara, idan aka sayi sa, ana shafa masa fenti a gadon baya. Wani fentin yana nufin yau za a kai shi mahauta, wani kuma yana nufin a loda shi a tirela zuwa kudu. Fenti ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta. Haka abin yake?

Dakta Bashir: Malam Usman, ka kusa sosai. Yubikwitin ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 76. Enzayim uku ke miƙa shi hannu da hannu: E1 ya kunna shi da ATP, E2 ya ɗauka, E3 ya zaɓi wanda za a maƙala wa. Ana ɗaure shi a jikin laisin, wani amino asid, na furotin ɗin da aka nufa. Shi kansa yubikwitin yana da laisin bakwai, don haka ana iya ɗaura wani a kan wani ya zama sarƙa. Idan an ƙulla sarƙar ta laisin na 48, yawanci mahauta za a, wato furotiyasom. Idan ta na 63 ne, yawanci saƙo ne: koma can, ko kama wancan abokin aikin. Akwai kuma masu goge fentin, enzayim ɗin da ake kira DUB. A kan gano wannan tsari aka ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose kyautar Nobel a 2004.

Nura: Dakta, da girmamawa, ina da ja. Duk abin da ka faɗa daga yis da tantanin mutum aka samo shi. Abin da ke damuna da irin wannan seminar shi ne ɗalibi ya kwaso labarin mutum ya jibga wa Trypanosoma, alhali ita ta rabu da zuriyarmu tun da daɗewa ƙwarai. Misali: a yis da mutum DCP2 ne ke cire wa RNA hula kafin a rusa ta. Trypanosoma ba ta da DCP2 kwata-kwata. A 2017 Susanne Kramer ta nuna wani enzayim daban ne, ALPH1, ke wannan aikin, kuma danginsa sun fi kusa da na bakteriya. Haka CCR4, ba ta da shi, CAF1 ne ke datse wutsiyar A. To wanda ya ce yadda ake sarrafa DCP2 haka ake sarrafa na Trypanosoma, me yake magana a kai?

Dakta Bashir: Jan naka yana kan hanya Nura, kuma ban ce a yi haka ba. Kawo misalin da ka yarda da shi daga cikin ƙwayar kanta.

Nura: CFB2. A wurina shi ne misalin da ya fi kowanne kyau, kuma Hadiza, da ni ne ke da seminar ɗin nan a kansa zan gina rabinta.

Ƙwayar da ke cikin jini tana lulluɓe da riga ta furotin iri ɗaya, VSG, kusan guda miliyan 10 a jikin kowace ƙwaya. Tana da jin na VSG wajen 2,000, har da gutsattsarin da ba su cika ba, amma ɗaya kawai take sawa a lokaci guda. Garkuwar jiki ta gane rigar, sai wasu 'yan kaɗan su sauya wata, su hayayyafa. Shi ya sa zazzaɓin ke tafiya yana dawowa, kuma shi ya sa har yau babu rigakafi. To don ɗinka wannan riga ana buƙatar RNA ta VSG mai ɗimbin yawa, kusan kashi 10 cikin 100 na dukkan mRNA ɗin ƙwayar, wato RNA da ake fassarawa zuwa furotin. Yawancin mRNA a wannan mataki mintuna kaɗan suke yi, rabinsu ya lalace cikin kamar minti 12. Ta VSG tana wuce awa guda. Me ke tsare ta?

A ƙarshen kusan kowace RNA ta VSG akwai wasu harufa 16 da ba sa canzawa. A 2021 masu bincike a Haidelbag ta Jamus, ciki har da Christine Clayton da Esteban Erben, suka kamo RNA ta VSG tare da furotin ɗin da ke manne da ita, suka tarar da CFB2. Aikinsa ya dogara da waɗannan harufa 16, kuma yana janyo ƙungiyar furotin MKT1 da PBP1, su kuma su riƙe furotin mai kama wutsiyar A, sai wutsiyar ta tsira daga masu datsewa. Aka rage CFB2, RNA ta VSG ta zube, ƙwayar ta daina rabuwa.

Ga inda abin ya shafe ki: CFB2 yana da sashen da ake kira akwatin F. Wannan sashe a ko'ina aka san shi da kama SKP1, wanda ɓangare ne na babban E3 mai suna SCF. Kuma CFB2 yana kama SKP1 ɗin. Da aka lalata wannan sashe, yawan CFB2 ya hau. Wato furotin guda, hannu ɗaya yana riƙe da RNA mafi muhimmanci ga rayuwar ƙwayar, ɗaya hannun yana riƙe da injin da ke rage shi kansa.

Hadiza: Yaya Nura wannan ya shige ni. Amma me ya sa ƙwayar za ta riƙa rusa abin da ke tsare mata riga? Ba asara ba ce?

Nura: Ga yadda nake kallonsa, kuma fassarata ce. Ƙudan tsando ya ciji saniya ko mutum ya zuƙi jini, ƙwayar ta faɗa cikin hanjinsa. Cikin awoyi dole ta tuɓe VSG ta sa wata riga, furosaikilin. Idan mai tsaron RNA ɗin VSG furotin ne mai taurin rai da ke kwana da kwanaki, tsohuwar RNA za ta ci gaba da zama, sauyin ya yi nawa. Mai tsaron da ake rusawa kullum ana sabuntawa, da zarar an daina ƙera shi ya ɓace. Haka ma idan ya yi yawa zai kwashe MKT1 daga sauran RNA da ke buƙatarsa, domin furotin da dama ne ke rububin MKT1 ɗin nan.

Dakta Bashir: Na yarda da misalin. Amma Nura ka lura, kai da ka zo da tsanani: CFB2 ba enzayim ba ne. Mai kama RNA ne. Taken Hadiza ya ce enzayim.

Nura: Haka ne Dakta. Sai dai enzayim masu rusa RNA, CAF1 da ALPH1 da XRNA, ba sa zaɓen RNA da kansu, a kan kowa suke faɗawa. Wanda ke cewa ku taɓa wannan, ku bar wancan, shi ne mai kama RNA. Ka rage mai kama RNA, ka sakar wa enzayim hanya. Don haka sarrafawar ba ta kai tsaye ba ce, amma sarrafawa ce.

Dakta Bashir: To bari in ba ta wanda ke cikin injin yankan kansa. PRP19. Shi E3 ne da kansa, yana da sashen akwatin U, kuma yana zaune a cikin injin da ke yanka da ɗinka RNA. A tantanin mutum, a 2010 ɗakin binciken Michael Rape ya nuna PRP19 na ɗaura wa PRP3, wani furotin na injin, sarƙar laisin na 63. Ba a rusa PRP3 ba. Sarƙar tana sa PRP8 ya riƙe shi da kyau, sassan U4/U6 da U5 su tsaya tare, har lokacin da wani DUB mai suna USP4 zai goge alamar injin ya ci gaba. Trypanosoma tana da PRP19, ɗakunan binciken Shulamit Michaeli a Isra'ila da Arthur Günzl a Amurka sun yi aiki a kansa, kuma idan aka kashe shi ɗinkin SL yana tsayawa. Ki tuna a wannan ƙwaya kowace mRNA sai ta bi ta wannan ɗinkin, ba wadda aka ɗauke wa.

Nura: Nan ne fa zan sake tsayawa. An nuna PRP19 na Trypanosoma wajibi ne. Labarin PRP3 da USP4 na mutum ne. Hadiza, a silaid ɗinki ki raba su gida biyu, kar ki haɗa su a jimla ɗaya.

Dakta Bashir: Ban musa ba. Ta raba.

Zainab: Ku bar ni in shigo da abin da na gani da idona, domin a takarda abin yana da sauƙi. Wata huɗu na yi ina neman alamar yubikwitin a kan wani furotin a tantanin da muke renawa. Ka'idar ita ce kowane yubikwitin yana ƙara wa furotin nauyin kilodalton 8.5, don haka a kan fim za ka ga layuka suna hawa kamar tsani, ko wani dishi-dishi a sama da layinka. Ni kullum layi ɗaya tal nake gani, tsaf. Ashe ban sa NEM, sinadarin da ke hana DUB aiki, a ruwan fasa tantanin ba. Da zarar ka fasa tantani, DUB suna goge alamar cikin mintuna, ko a kan ƙanƙara. Ranar da na sa NEM sabon haɗi, na kuma ba tantanin MG132, mai toshe furotiyasom, na 'yan awoyi kafin in fasa, na ɗaga fim ɗin a jan fitilar ɗakin duhu na ga dishi-dishin ya tashi har saman. Sai da na zauna a kan kujera na yi hamdala.

Abin da nake so Hadiza ta riƙe: idan kika toshe furotiyasom furotin ya ƙaru, wannan bai isa hujjar cewa shi aka maƙala wa yubikwitin ba. Wataƙila wani ne da ke sarrafa shi ya ƙaru. Hujja mai ƙarfi ita ce a narka furotin da enzayim tirifsin, a nemo ragowar gilaisin biyu da ke maƙale a kan laisin, masu ƙara nauyin dalton 114 a na'urar auna nauyi. Sannan a canza wannan laisin ɗin zuwa arjinin a ga ko alamar ta ɓace, a ga kuma me ya sami ƙwayar.

Hadiza: Anti Zainab na gode, wannan zai shiga silaid na hanyoyin bincike. Na karanta wani abu a kan ZC3H11, shi a wane gida zan sa shi?

Nura: Gidan Trypanosoma, amma da sharaɗin da Zainab ta faɗa. ZC3H11 yana kama maimaicin AUU a ƙarshen RNA na furotin ɗin da ke kare tantani daga zafi, irin su HSP70, ya tsare su ta hanyar MKT1 ɗin nan dai. A lokacin lafiya da ƙyar ake ganinsa, ana ƙera shi ana rusawa. Aka ɗaga zafi, ko aka toshe furotiyasom, sai ya taru. Igor Minia da Clayton suka wallafa wannan a 2016. Ki yi tunanin ƙwaya a jikin saniya mai zazzaɓi, ko a cikin ƙuda da tsakar rana. Ba ta da makunnin jin da za ta danna. Abin da take da shi shi ne ta daina rusa ZC3H11.

Abakar: Salamu alaikum daga Injamena. Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata a kan gyaran RNA na cikin kinetofilas ne, wato DNA ɗin maitokondiriyar ƙwayar, wanda Rob Benne ya gano a Amsterdam a 1986, inda ake cusa harafin U. Na san a RNA ta jin COX3 ana cusa sama da 500. Shi ma yubikwitin na da hannu?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Malam Abakar. Wancan aikin a can cikin maitokondiriya, gidan samar da ƙarfi na tantani, ake yinsa, furotiyasom kuwa yana waje, a ruwan tantani da cibiyarsa. Enzayim ɗin gyaran, irin su KREL1, a waje ake ƙera su sannan a shigar da su ta ƙofar da ake kira ATOM. Ɗakin binciken André Schneider a Ban ta Suwizalan ya nuna cewa idan shigar da wasu furotin na maitokondiriya ya samu cikas, akwai tsarin da ke kwashe waɗanda suka maƙale a waje ya kai su furotiyasom. Wannan tsaron ƙofa ne. Kar a kira shi sarrafa gyaran U.

Maryam: Ni daga ɓangaren magani nake kallo. A ganina duk wannan yana nuna inda ya kamata a kai hari shi ne tsarin yubikwitin ɗin, domin ka bugi wuri ɗaya ka rikita komai. A 2016 Novartis suka fito da GNF6702, wanda ke toshe furotiyasom na brucei da 'yan uwanta Leishmania da Trypanosoma cruzi, bai taɓa na mutum ba, kuma ya warkar da ɓeraye daga cututtukan uku. Daga shi aka samo LXE408 da ake gwadawa a kan kala-azar, cutar Leishmania da ke addabar mutane a Gadarif ta Sudan. Jami'ar Dandi da GSK ma sun fitar da nasu a 2019.

Nura: Hajiya Maryam, amma wanda ya fi nisa a ciwon barci ba ta nan ya bi ba. Akoziborol enzayim ɗin RNA ya kama kai tsaye, CPSF3, wanda ke yanka RNA kafin a sa wutsiyar A. Da yake a Trypanosoma yankan wutsiyar jin na baya da ɗinkin SL na jin na gaba a haɗe suke, ka tsayar da ɗaya ka tsayar da duka. Sha ɗaya tak. A gwajin da ƙungiyar binciken magunguna ta DNDi ta yi a Kwango da Gini, wanda aka wallafa a 2022, kashi 95 cikin 100 na masu cutar da ta kai ƙwaƙwalwa sun warke. Ki kwatanta da feksinidazol na kwana 10, ko melarsofurol na da, mai arsenik, da ke kashe kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurarsa.

Maryam: Ban raina akoziborol ba. Amma magani ɗaya ba ya isa, ƙwaya tana koyon kauce masa. Kuma bambancin da ke tsakanin tsarinmu da nasu a fili yake: sinadarin TAK-243 yana toshe E1 na mutum da ƙarfi, amma E1 na Trypanosoma da Leishmania ba su cika jin sa ba. Aljihun ya bambanta ke nan, ana iya ƙera wanda zai yi akasin haka. Ɗakin binciken Jeremy Mottram a Yok ta Ingila ma ya nuna a 2020 cewa Leishmania mexicana ba ta iya rikiɗa zuwa siffar da ke zama cikin tantanin mai cutar idan babu UBC2 da UEV1, masu ƙulla sarƙar laisin na 63.

Dakta Bashir: Ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe, amma ni na fi karkata ga Nura a yanzu, saboda dalili ɗaya: CPSF3 enzayim ne mai aljihu da ƙarfen zinki a ciki, an san inda magani zai zauna. Haɗuwar CFB2 da SKP1 fuska ce da fuska, shimfiɗaɗɗiya, irin wadda ƙera mata magani ke da wuya. Wani abin da zai ba Maryam ƙarfi shi ne suramin, maganin ciwon barci da ake amfani da shi tun shekarun 1920. Yana shiga ƙwayar ta hanyar furotin ɗin saman jiki ISG75, kuma yawan ISG75 yubikwitin ne ke ƙayyade shi, tare da DUB biyu, USP7 da VDU1. Aka rage USP7, ISG75 ya ragu, suramin ya rage tasiri.

Malam Usman: Ku yi haƙuri in dawo da ku ruga. Makon jiya na je wani garke a gefen kurmi. Saniya ta rame har ƙashin ƙugu ya fito, gashi ya tashi, ido na zubar da hawaye, na buɗe fatar idon na ga ta yi fari fat. Mai ita ya ce sau uku yana yi mata Berenil a damina ɗaya, kafin nan Samorin. Waɗannan magunguna biyu sun haura shekara 60 a kasuwa, su ne dai muke juyawa. Ciwon barci na mutane ya ja baya, tun 2018 ba a kai mutum 1,000 a shekara a duniya ba, Cadi ma an tabbatar mata a 2024 cewa ya daina zama barazana ga lafiyar al'umma. Amma sammore na nan daram, kuma nau'o'in Trypanosoma congolense da vivax ne suka fi kashe mana shanu, ba brucei da kuke ta magana a kai ba. Cibiyar binciken sammore da ke Kaduna tun zamanin Turawa take wannan yaƙi. Shin abin da kuke faɗa ya shafi waɗannan biyun?

Nura: Ya shafe su Malam. Bandir ɗin RNA, ɗinkin SL, CPSF3, furotiyasom, duk suna da su. Akwai ma ɗan uwan akoziborol, AN11736, da aka gwada a shanu ya kashe congolense da vivax da allura ɗaya. Sai dai an ga a leburatare cewa ƙwayar na iya jure masa idan ta rasa enzayim ɗin da ke farke maganin ya zama mai aiki a cikinta. Labarin CFB2 da harufa 16 kuwa a brucei aka yi shi, a nan za a bar shi.

Malam Usman: To Allah ya kawo shi kasuwa da farashin da makiyayi zai iya.

Abakar: Amin. A Mandul da ke kudancin Cadi ƙananan tarkunan ƙyalle shuɗi da baƙi da aka kafa a bakin rafi sun taimaka ƙwarai wajen rage tsando, ba magani kaɗai ba.

Hadiza: Na gode muku duka. Ga yadda zan tsara: in fara da bandir da SL, sai CFB2 da ZC3H11 a matsayin abin da aka gani a ƙwayar kanta, sai PRP19 da layi a tsakani, na mutum a hagu na Trypanosoma a dama, sai hanyoyin Anti Zainab, in rufe da CPSF3 da furotiyasom. Dakta, zan iya turo maka silaid ɗin ranar Laraba ka duba?

Dakta Bashir: Turo da yamma bayan la'asar. Ki zana hoton CFB2 da hannunki, MKT1 a gefe ɗaya SKP1 a ɗaya gefen, kar ki kwafo na mujalla. Kuma ki shirya, za a tambaye ki bambancin sarƙar 48 da ta 63.

Zainab: Ki ƙara silaid ɗaya na fim mai dishi-dishin nan, zan turo miki nawa, da wanda babu NEM da wanda akwai, gefe da gefe.